Ƙullin Zare a Ɗamarar Maharbi

Duk wanda ya taɓa ganin ɗamarar harsashin Maharbi a rataye bayan ƙofar falonsu, ƙarfin ɗinkinta yake yabawa. Yadi ne mai kauri irin na tamfol, launin ƙasa, an jera masa 'yan gidaje daga wannan baki zuwa wancan, kowane gida daidai harsashi ɗaya. Baƙi kan shafa ta su ce, "Kai, wannan hannu ya iya aiki." Amma cikinsu ba wanda idonsa ya taɓa tsayawa a kan 'yan ƙulle-ƙullen baƙin zare da ke saman yawancin gidajen, ƙanana kamar kan ashana. Wanda ma ya gani zai ɗauka mai ɗinkin ce ta yi ganganci ba ta datse zarenta ba. Gwaggo Tela kuwa, tun tana budurwa ba ta taɓa barin zare yana reto a jikin ɗinki ba.

Ita ce matar Maharbi. Shagonta ɗaki ne guda a bakin gida, tagarsa tana kallon titi. A ciki akwai keken ɗinki mai ƙafa wanda fentinsa ya goge a inda hannu ke dafawa, da tebur na yanka, da igiya da ake rataye kayan da aka gama, sai wani gwangwanin madara a kan taga inda take tara maɓallai. Mahaifinta tela ne, a ƙarƙashin teburinsa ta tashi tana tsince ƙyalle. A wurinsa ta koyi ɗinki, a wurinsa kuma ta koyi shiru, don shi ma yawancin yini allurai ne a bakinsa. Matan unguwa sukan ce in ka kai wa Gwaggo Tela yadi da gulma tare, yadin kaɗai za ta karɓa.

Lokacin da aka ɗaura mata aure, abin da ta sani game da mijin shi ne yana gyaran famfo a ma'aikatar ruwa. Ba wanda ya gaya mata cewa ranakun hutu daji yake shiga. Sai da ta tare ta tarar da bindiga mai baki biyu a rataye a bangon ɗaki. Ta daɗe ba ta share ƙarƙashin wurin, tsintsiya na zuwa nan sai ta kewaye, har ƙura ta yi da'ira.

Ta tukunya ta fara sanin harsashi. Wata rana ya kawo kurciyoyi, ta fige ta soya, suna cikin ci sai ta ji ƙas a bakinta. Ta tofo wani ɗan abu baƙi a tafin hannu, tare da ɓallin haƙorinta.

"Malam, dutse ka ba tsuntsayen nan suka ci?"

Ya yi dariya har ya ƙware. "Dalma ce. Bari ki gani, tunda kin biya kuɗin makaranta da haƙori."

Ya ɗauko harsasai iri-iri, ya sa wuƙa ya farke bakin kowane ƙwanso, ya zazzage mata a faranti. A waje dukkansu ja ne, tsawonsu ɗaya, kaurinsu ɗaya. A ciki ne kowa yake da halinsa. Na farko ƙwayoyinsa ƙanana ne birjik, shi ya sa yake ce masa gero. Wannan na tsuntsu ne, yana fita ya baje kamar an watsa yashi, tsuntsu a sama ba ya samun hanyar zillewa, nama kuma ba ya lalacewa. Na biyu ya ɗan fi girma, ya sa masa suna masoro, na zomo ne da agwagwar ruwa mai kaurin gashi. Na uku ƙwayoyin kaɗan ne amma manya, shi ne wake, na barewa. Na ƙarshe da ya farke, dunƙulen dalma ɗaya ne ya faɗo ya yi ƙara a farantin, kamar kan babban yatsa.

"Wannan fa?"

"Maraya. Shi kaɗai ne a ɗakinsu, ba wa ba ƙane. Na babbar dabba ne, wadda in ba ka kayar da ita ba ita za ta kayar da kai."

Ya nuna mata 'yar lambar da ake bugawa a jikin ƙwanso, ya ce da ita ake rarrabewa, kuma a juye take: lamba na girma, ƙwaya na ƙanƙancewa.

"Kamar zare ke nan," in ji ta. "Lamba babba, zare siriri."

Ya dube ta ya jinjina kai. "Abin da ya ɗauki Dogo damina guda bai gane ba."

Dogo abokin farautarsa ne tun suna samari. Gajere ne ƙwarai, don haka sunan ya kama shi. Shi ne mai surutun cikinsu, kuma har furfura ta cika kan Gwaggo Tela bai daina ce mata Amarya ba.

Daga ranar ta daina kewaye bindigar da tsintsiya. Duk naman da ya shigo gidan ta hannunta yake bi, tana laluba shi da yatsa tana tsince dalma kafin ya shiga tukunya, don kada yara su yi irin nata. Abin da ta tsince takan jefa a gwangwanin maɓallai. A haka ta iya karatun nama. Ba sai an ba ta labarin daji ba, da ta juya dabba ta ga inda dalma ta shiga da yadda ta baje, ta san ko daga nesa aka yi harbin ko daga kusa, ko dabbar tana tsaye ko tana gudu. Harbin mijinta kullum wuri ɗaya yake, bayan kafaɗa, inda rai ba ya daɗewa.

Akwai wata barewa da ba ta manta ba. Tana gyara cinyarta sai ta ji wasu ƙwayoyi a ƙarƙashin fata, ƙanana, nama ya riga ya rufe su ya yi tauri. Ta kira shi ya gani. Gero ne, tsohon harbi. Wani ne ya ga barewa da harsashin tsuntsu a bindigarsa, ya kasa haƙuri ya saki. Dabbar ta tafi da shi a jikinta, ta yi ta ɗingishi Allah kaɗai ya san tsawon lokacin.

Ba ta taɓa ganin ransa ya ɓaci irin na ranar ba. Dogo, da yake zaune a tsakar gida yana wasa wuƙa, ya so ya kashe maganar da raha.

"To ai an ce harbi a wutsiya ya fi kuskure."

"Wanda ya faɗi haka bai taɓa bin sawun jini ba," in ji Maharbi. "Kuskure ya fi sau dubu. Ka kuskure, dabba ta tafi gidansu lafiya. Ka raunata ta, ka ɗauki alhaki. In ba ka da harsashinta, ko ba ka ga wurin da za ka sa shi ba, ka sauke bindigarka. Mai wannan aikin ba maharbi ba ne, azzalumi ne."

Gwaggo Tela ta wanke ƙwayoyin, ta ƙulle su daban a ɗan ƙyalle, ta jefa a gwangwani. Ita ma ba ta san dalili ba. Tela ba ya son yar da abu.

Shekaru suka yi ta tafiya. Yara suka girma suka watse, ya rage Auta ce kawai ke yawan leƙowa daga garin da take koyarwa. Maharbi ya yi ritaya, daji ya zama shi ne aikinsa. Da yamma yakan shigo shago ya zauna a kan benci yana kallon titi, kuma yana da wata al'ada da yake ji da ita: duk lokacin da zarenta ya tsinke, sai ya miƙo hannu.

"Kawo nan. Idon da ke ganin kunnen zomo a cikin ciyawa, kafar allura ba za ta gagare shi ba."

Sau ɗaya yake zurawa. Ita ma tana iyawa, amma takan bar masa.

Ta nan ta fara ganewa. Wata yamma ya karɓi allurar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya matso da ita, ya lashi bakin zaren, ya sake gwadawa. Can ya ce zaren zamani ba shi da kyau, ya ajiye ya fita. Washegari da zare ya tsinke, yana kallon titi bai juyo ba. Ba a jima ba ya dawo daga daji da wata kurciya a ƙasan jaka wadda ba ta da kyan gani, rabinta babu. Ta laluba abin da ya rage, ta ciro ƙwayar wake. Mutumin da bai taɓa haɗa harsashin wata dabba da na wata ba, yau ya harbi kurciya da na barewa. Lambar jikin ƙwanso ta daina karantuwa a idonsa.

Ba ta tambaye shi ba, shi ma bai ce komai ba. A satin nan ta sauke ɗamarar ta ce ɗinkinta ya saki, za ta gyara. Ta ɗauki baƙin zare mai kauri ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Na hagu ƙulli ɗaya, gero. Na gaba ƙulli biyu, masoro. Sai ƙulli uku, wake. Gidajen ƙarshe na kusa da maɗauri ta bar su ba ƙulli ko ɗaya, tunda maraya ba shi da kowa. Ranar da zai fita, ta riga shi ɗauko akwatin harsashi, ta zauna bakin taga tana karanta lamba tana jerawa.

"Yaushe kika zama yaron maharbi?" ya tambaya.

"Kana cusa su da ƙarfi kana yaga mini ɗinki. Na gaji da gyara."

Ya karɓa ya ɗaura. Tana kallo babban yatsansa ya bi saman gidajen, ya tsaya, ya koma baya, ya sake bi a hankali. Sannan ya ce, "Ɗinkin ya yi ƙarfi yanzu," ya saɓa bindiga ya fita.

Iyakar maganar da suka taɓa yi a kai ke nan. Ta rufa masa asiri, ya san ta rufa, kowa ya kama bakinsa. A lokacin kuwa dabarar ta wadatar, don na kusa ne kawai ya ɓace masa, na nesa yana nan garau.

Amma ido bai tsaya inda ya tsaya ba. Sannu a hankali wata farar yana ta fara hawa ƙwayar idonsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ta ga yana amsa gaisuwa sai bayan mutum ya yi magana, ta ga yana shafa bango in zai shiga shago da rana tsaka, ta ga karensa ya koma tafiya dab da ƙafarsa. A daji Dogo ne ya zama mai cewa "ga ta can, dama da kututturen nan." Dogo ya sani ko bai sani ba, bai taɓa nunawa ba.

Auta ce kaɗai ta ga ƙullin. Ta zo hutu, tana kakkaɓe falo, ta sauke ɗamarar ta tsaya tana dubawa. Ta shigo shago da ita a hannu ta tura ƙofa.

"Mama, wannan ba kuskuren ɗinki ba ne."

Keke bai tsaya ba.

"Tabaraun da na saya masa yana cikin durowa, ko kwalinsa bai yar ba. Mama, yanar ido ce ta kama shi. Ana cirewa a asibiti, mutane da yawa suna warkewa. Ki ce masa mu je."

"In ya je asibiti ya yarda ke nan. Kin san ubanki."

"To sai yaushe? Zaren nan yana gaya masa abin da ke hannunsa. Wa zai gaya masa abin da ke gaban bindigar?"

Nan keken ya tsaya. Gwaggo Tela ta daɗe tana gyara yadin da ba ya bukatar gyara. Tambayar ba sabuwa ba ce a wurinta, ta daɗe tana kwana da ita tana tashi da ita, ba ta dai taɓa jin ta a bakin wani ba. Duk ranar da ta jera harsashi a ɗamarar nan, ita ce ta buɗe masa ƙofar daji. In ya dawo a kan kafaɗun mutane, ko ya harbi ɗan wani yana tsammanin dabba ce, da hannunta a ciki. In kuma ta ƙi jerawa, ta karɓe masa abu ɗaya da ya rage wanda yake sa shi tashi da safe da ƙarfinsa.

"Mayar da ita inda kika ɗauko," ta ce. "Kada ki yi masa maganar."

Bayan Auta ta koma, ya fita da Dogo, ba su dawo ba sai da rana ta kusa faɗuwa, ƙafafunsu duk ƙaya. Sun kawo barewa. Dogo bai yi surutunsa ba, ya ajiye ya ce gida ana jiransa. Maharbi ya ce dabbar ce mai taurin rai, ya shiga wanka.

Ta shimfiɗa buhu a bayan kicin ta juya dabbar. Harsashin daidai ne, wake ne, zarenta bai yi ƙarya ba. Amma bayan kafaɗa babu komai. Ƙwayoyin suna cinya, wasu sun shiga ciki. Ƙafar baya ta kumbura, jini ya bushe a gashinta har ƙasa, ƙasa da ciyawa sun manne a kai. Dabbar ta yi yini tana jan ƙafa, suna bin ta. Gwaggo Tela ta zauna a kan dugaduganta, wuƙa a hannu, har ƙudaje suka fara taruwa. Sannan ta tsince ƙwayoyin ta wanke, ta ƙulle su a wani ƙyallen.

Ta yi niyyar magana a ranar. Ta yi niyya washegari. Kullum in ta buɗe baki sai ta ji kamar allurai ne a ciki.

Ana nan sai manoman da ke bayan gari suka aiko. Wani aladen daji ya addabi gonakinsu, yana tone rogo yana tattake masara, ya kuma farke cinyar wani saurayi da haurensa. Ba nama ake nema ba, a raba su da masifa kawai. Wa za a kira in ba Maharbi ba? Dogo ya kawo saƙon da safe, ya ce zai dawo bayan la'asar su tafi su yi kwanto kafin dabbar ta fito.

Maharbi ya yini da fara'a. Ya goge bindiga, ya sa mata mai, yana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Gwaggo Tela ta yini a kan keke, ta ɗinka hannun riga a baibai ta farke. Ta san aikin maraya. Gero yana bajewa ya rufa wa mai harbi asiri, ko hannu ya ɗan karkace wata ƙwaya za ta samu. Maraya ƙwaya ɗaya ce, inda ido ya aike shi nan yake zuwa. In ya sauka a cinya, alade ba barewa ba ne da zai gudu. Juyowa yake yi.

Da azahar ta wuce ya leƙo shago. "Tela, ɗamarar fa? Ki cika mini na ƙarshen, sauran ba sai an sa ba."

Ta tashi ta ɗauko ɗamarar da akwatin harsashi, ta juye su duka a kan teburin yanka, gero da masoro da wake da maraya suka gauraye, jajaye iri ɗaya.

"Yau ka jera da kanka, Malam. Hannuna ciwo yake."

Ta ɗauka nan maganar za ta ƙare, zai duba ya kasa, ya gane, ba sai ta furta ba. Sai ya ja benci ya zauna, ya lalubo harsashi ɗaya, ya kai shi kunne ya girgiza. Ya ajiye gefe. Ya ɗauki wani ya girgiza.

"Gero yana raɗa," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Wake yana ƙwanƙwasa ƙofa. Maraya ba ya magana, ba shi da abokin hira."

Ya ware marayun ɗaya bayan ɗaya, bai kuskure ko guda ba. Ya laluba gidajen da ba su da ƙulli ya cusa su. Ya miƙe zai ɗaura.

Dabara ta ƙare, saura baki. Ta miƙa hannu taga ta sauko da gwangwanin maɓallai, ta tona har ƙasa, ta ciro ƙulli biyu na ƙyalle, ɗaya sabo, ɗaya ya yi baƙi don tsufa.

"Ba ni hannunka."

Ya miƙo. Ta kwance tsohon ta zuba masa a tafi. Ya murza da yatsa.

"Gero. Ya tsufa."

"Na barewar nan ne mai ɗingishi. Wadda wani ya harba ya bari."

Ta kwance sabon ta zuba a ɗaya hannun.

"Wake," ya ce a hankali.

"Naka ne, na wannan fitar. A cinya na cire su, Baban Auta. Da cikin hanji. Bayan kafaɗa ban samu ko ɗaya ba. Tun ina amarya nake gyara namanka. Ban taɓa cire dalmarka a cinya ba."

"Iska ce ta..."

"Ba iska ba ce."

A titi wani mai mashin ya wuce, yara suna ta ihu a bayan wata ƙwallo. Shi yana tsaye, hannuwa biyu a buɗe, kamar mai addu'a.

"Ni na ɗinka ƙullin nan," ta ce. "Na yi maka ido a kan abin da ke ƙugunka. Wanda ke gabanka ba zan iya ɗinka masa komai ba. In ka fita yau, ban hana ka ba, ban isa ba. Amma ba da hannuna ba. Kai ka ce in mutum bai ga wurin da zai sa harsashi ba..."

"Na san abin da na ce."

Ya faɗa da ƙarfi, har ta ja baya. Tunda suke bai taɓa ɗaga mata murya a shagonta ba. Ya koma ya zauna a benci, ya dunƙule hannuwan. Ba ta matsa kusa ba, ba ta kuma fita ba. Suka zauna haka har inuwar gidan da ke kallonsu ta hau tagar.

Sallamar Dogo ce ta katse shirun. Ya shigo da tsohuwar bindigarsa a kafaɗa, ta kusa kai tsawonsa.

"Amarya, a ba mu aron angon naki, gobe mu dawo miki da shi. Kai kuma tashi, alade ba ya jiran tsofaffi." Ya dubi fuskokinsu, ya dubi harsasan da ke warwatse a tebur, dariyar ta tsaya masa a baki.

Maharbi ya zuba ƙwayoyin hannunsa a kan tebur. Ya ɗauki ɗamarar ya miƙa wajen da muryar ta fito, ya ɗan kauce, sai da Dogo ya matsa ya tara hannu.

"Ɗaura. Za ta yi maka yawa, Tela ta rage maka wani lokaci. Sa yatsanka a nan. Ka ji ƙulli? Ɗaya gero, biyu masoro, uku wake. Inda babu, maraya ne, na cika maka su. Ka samu ɗan ƙanenka mai ido ya tsaya maka da bindiga ta biyu. Kada ka harba sai ya ba ka gefe. Bayan kafaɗa, Dogo. In ba ka gani ba, ka bar shi ya wuce, gobe ma rana ce."

"Kai fa?"

"Ni ba na gani." Ya faɗa a fili, kamar mai ba da labarin wani. "Na daɗe ba na gani. Ita ke gani mini."

Dogo ya sunkuyar da kai yana shafa ƙullin da yatsa. "Na sani," ya ce. "Ni ma ina ta cewa gobe zan faɗa." Ya ja hanci, ya nemi abin raha bai samu mai kyau ba. "To, Allah ya sa aladen ma tsoho ne."

Ba wanda ya yi dariya, amma Maharbi ya ce amin. Dogo ya naɗe ɗamarar a hannu ya fita. Karen ya bi shi har bakin titi, ya tsaya, ya waiwayo, ya dawo ya kwanta a ƙofar shago.

Maharbi ya tashi ya shiga cikin gida yana shafa bango. Ta ji ƙarar ƙusa lokacin da ya mayar da bindigar mazauninta. Can ya ɗago murya daga falo, ba fushi a cikinta, ba kuma daɗi.

"In kin yi waya da yarinyar nan, ki tambaye ta wace rana suke ganin masu ciwon ido a asibitin."

"To," in ji ta.

Ba ta bi shi ba, ta san ba ya son a gan shi yanzu. Ta tattara harsasan da suka rage ta mayar akwati, ta share ƙwayoyin dalma da gefen hannu ta zuba a gwangwani, tsoho da sabo tare, ta rufe. Akwai rigar makarantar 'yar maƙwabta da aka ce gobe da safe za a zo karɓa, saura kalmasa. Ta zauna a keke, ta ga zaren ya fita. Ta lashi bakinsa, ta karkata wajen hasken taga, ta gwada bai shiga ba, ta sake gwadawa. Da ya shiga, ta jawo rigar ƙarƙashin allura ta ɗora ƙafa.